Shatin Yatsa a Farantin Azurfa

Salaga, 18 ga Mayu, 1986

Zuwa ga Baba Masta Imoro, a Yendi.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya azumi, yaya iyali, yaya ƙafar da aka ce tana damunka? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ce Atikatu, yayar Mutaru ɗalibinka, mai sayar da man kaɗe a kasuwar Salaga. Ka yi haƙuri da rubutuna, ni a makarantar midil na tsaya.

Baba Masta, Mutaru ya dawo. Yau kwanansa ashirin da shida a gida. Bai rubuto ba, bai aiko kowa ba, sai ganinsa muka yi ya sauko daga motar Tamale da akwati ɗaya, bayan shekara tara a Jamus. Mma ta yi kukan murna har muryarta ta dushe. Mu duka mun ɗauka hutu ya zo.

Ka san tun watan Maris da rediyo ta ce kumbon Turawa ya ratsa ta gefen tauraruwa mai wutsiya, garin nan ba shi da hira sai tasa. Ni kaina ba wanda ya sayi mai a wurina ban gaya masa hannun ƙanena na cikin wannan aiki ba. Da ya iso, Sarkin Zango ya aiko a kira shi, ya ce zazzaɓi yake ji. Liman ya tsayar da shi a ƙofar masallaci ya ce, "Mutaru, me kuka tarar a cikin wutsiyar?" Ya ce, "Ƙura ce kawai, Malam." Ya sa takalminsa ya wuce.

Wuni yake a bayan gida, gefen tsohuwar rijiya. Da shan ruwa ba ya wuce kurɓin koko biyu. Na tambaye shi ko mace ce, ya ce a'a. Ko 'yan sanda ne, a'a. Ko korarsa aka yi, ya ce, "Ba wanda ya kore ni, Yaya. Da ma sun kore ni ɗin."

Shekaranjiya na ga dugadugansa sun tsage, na ɗebo masa man kaɗe a 'yar ƙwarya, irin wanda nake cika masa gwangwani ina aikawa kowace shekara saboda sanyin can. Wallahi kamar garwashi na miƙa masa. Ya janye ƙafa ya ce, "Don Allah ɗauke." Na ce me man ya yi maka? Ya tashi ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba.

Babanmu ya rasu, Mma ta tsufa, ni kuma ban san harshen aikinsa ba. Kai ka sa shi a hanyar nan, kuma kai kaɗai yake jin nauyi. Don Allah ka rubuto masa. Ka ba Inusah direba, yana shigowa ta Bimbila duk Alhamis.

A gaida Mma Damata da yara. Allah ya karɓi ibadarmu.

'Yarka, Atikatu

*

Yendi, 21 ga Mayu, 1986

Ɗana Mutaru,

Aminci ya tabbata a gare ka, tare da rahamar Allah da albarkarsa. Ina fata ka iso lafiya, ka sami mahaifiyarka da 'yan uwa lafiya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwa da ta fara yi mini gardama.

Labarin dawowarka ya zo mini ta hannun yayarka, ba ta hannunka ba. Wannan shi ne karo na farko tun da na san ka da ka yi jinkirin miƙa aiki.

Wasiƙunka goma sha bakwai suna nan cikin akwatin littattafaina. Tun da na yi ritaya daga koyarwa, su ne karatuna. Bari in biya maka abin da na haddace, ka duba ko tsohon malaminka ya ci jarrabawa. Ka ce a goshin kumbon akwai wata na'ura mai ƙaramar ƙofa, a bayan ƙofar kuma akwai farantin azurfa wanda bai kai tafin hannu ba. Ka ce kumbon da tauraruwar suna gudu suna fuskantar juna, har ƙwayar ƙura takan bugi farantin da gudun kilomita kusan saba'in a sakan ɗaya. Saboda tsananin bugun, ƙwayar ba ta tsira, sai ta tarwatse ta koma sinadaran da aka gina ta da su. Na'urar sai ta kora su cikin wani bututu. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, kamar yadda yara ke riga tsofaffi isa masallaci. Daga lokacin isar kowane ake gane sunansa: wannan haidurojin ne, wannan kabon, wannan ƙarfe. Haka ne ko na yi kuskure?

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyyar sinadarai da alli da kwalabe rabi fanko. Ban taɓa zaton yaron da na koya wa riƙe bututun gwaji zai auna abin da ke cikin ƙurar sama ba. A watan Maris na fito da mutanen unguwarmu kafin kiran assalatu, na nuna musu tauraruwar can kudu, dishi-dishi, ba ta kai yadda aka yi ta zuzutawa ba. Wani tsoho ya ce alamar mutuwar sarki ce. Na ce masa ƙanƙara ce da ƙura, kuma ɗalibina yana can yana ƙirga ta.

To me kuka samu? Kada ka ce mini ƙura ce kawai. Wannan amsar da ka ba liman ce, ni ba za ta ishe ni ba.

Yayarka ta ce ba ka cin abinci. Ban san abin da ya koro ka ba, ba kuma zan yi ta zato ba. In nauyi ne, rubuto shi. Takarda ba ta kallon mutum a ido.

Ka gaishe da mahaifiyarka. Allah ya yi maka albarka.

Malaminka, Imoro Abdul-Kadiri

*

Salaga, 4 ga Yuni, 1986

Masta,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na gode da gaisuwa, Allah ya ba gwiwa lafiya. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba a bayanin na'urar. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagawa. Wannan ba zan sake karanta ta ba, zan rufe in ba Inusah.

Ga abin da muka samu. Wasu ƙwayoyin dutse ne zalla, magniziyam da silikon da ƙarfe, yadda aka zata. Amma da yawa sun zo da kabon da haidurojin da oksijin da naiturojin, irin kayan da ake gina jikin mai rai da su. Ba wanda ya zaci za su yi yawa haka. Ranar da lambobin suka fara sauka, shugaban ɗakin gwajinmu, mutumin da ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya rungumi mai shara. Kowa na ihu, "Kabon! Kabon!" Ni kuwa na shiga bayi na kulle ƙofa.

Dalilin yana komawa ranar Talata, 24 ga Janairu, 1984. Ana haɗa na'urar a wani ɗaki da ba a shiga sai da riga ta musamman da hula da safar hannu, don ko numfashi ba a so ya sauka a kan farantin. Duk abin da ya manne masa a ƙasa, a sama zai fito a lissafi kamar daga tauraruwa ya zo. Sanyin shekarar ya farfasa mini hannu har yana jini, shi ya sa kowace safiya nake shafa man kaɗen da Yaya ke aiko mini. Ranar an bar ni ni kaɗai in duba zaman farantin a mariƙinsa. Safar ta yage a babban yatsa ban ji ba. Sai da na ɗaga hannu na ga shatin yatsana a kan azurfar, kowane layi ya fito, da wani a jikin mariƙin.

Dokar ɗakin a bayyane take: ka rubuta a littafin aiki, ka kira shugaba. Na tsaya riƙe da biro. Ni kaɗai ne baƙar fata a ginin. Shekara biyu na yi kafin su daina bin bayana suna sake auna abin da na auna. Na ajiye biron, na ɗauko sifirit na goge farantin har ya daina nuna komai a idona, na rufe, na tafi cin abinci.

Na manta da mariƙin. Bayan mako biyu masu bincike suka ga maiƙo a jikinsa. Suka gwada suka ce kitsen tsiro ne.

Akwai wani Baturke mai suna Nuri, makanikin ɗakinmu, ya kai shekara hamsin. Shi ya nuna mini masallacin da suke salla a wani tsohon gareji, a gidansa na yi Sallah huɗu, matarsa ta san ba na son yaji da yawa. Sunansa ne na ƙarshe a littafi a kan mariƙin nan, tunda ni ban rubuta nawa ba. Shugaba ya tara mu ya ce, "Wa ya taɓa?" Ba wanda ya yi magana. Wani ya ce ai Nuri kullum abincinsa na rana yana iyo a man zaitun. Aka yi dariya kaɗan. Nuri ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina aiki a nan, ban taɓa shiga da hannu mai datti ba." Shugaba ya ce littafi ya nuna shi. Aka hana shi shiga ɗakin, da wa'adin aikinsa ya cika a watan Afrilu ba a sabunta ba. Takardar zamansa a ƙasar kuwa da aikin take ɗaure. Suka tattara suka koma Turkiyya.

Masta, ya san gwangwanin. Ya sha ganinsa a kabad ɗina, har ya taɓa lakata ya shafa a nasa hannun ya ce ya fi na kanti. Bai faɗa wa kowa ba. Ranar da ya zo kwashe kayansa muka haɗu a matakala. Ya miƙo mini hannu, ya juya nawa yana dubawa, ya ce, "Mutar, hannun ya warke?" Na ce ya warke. Ya ce, "Alhamdulillah." Ya sauka.

An canza mariƙin, amma farantin shi aka tura sama, don ba wanda ya san yatsa ya hau fuskarsa. Kai ka koya mini abin da ke cikin mai: kabon, haidurojin, oksijin. Da suka ba ni sashen kabon in rubuta rahotonsa, na yi mako uku a gaban takarda ban rubuta layi ɗaya ba. Kumbo biyu na Rasha da suka riga namu wucewa su ma an ce sun ga kabon, amma hakan bai sa na yi barci ba. Me zai hana abin da duniya ke murna da shi ya zama man da yayata ta kirɓa a tsakar gidanmu? Sai na sayi tikiti.

Ka ƙona wasiƙun nan goma sha bakwai. Bakwai daga ciki bayan wannan ranar na rubuta su.

Ɗalibinka, Mutaru

*

Yendi, 15 ga Yuni, 1986

Ɗana Mutaru,

Aminci ya tabbata a gare ka. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na yi kwana uku ban iya ɗaukar alƙalami ba. Dalilin zai zo a ƙasa. Ban ƙona komai ba.

Mu fara da darasi. Ni ba ni da na'ura, amma ina da tambaya uku.

Ta farko: ka ce ƙwayoyin sun zo da naiturojin. Ina naiturojin a man kaɗe? Ka lissafa mini uku da kanka, ba ka sa shi ba, don ba ya ciki. Ta biyu: ka ce wasu ƙwayoyin dutse ne zalla ba kabon. In maiƙo ya shafe farantin yadda kake tsoro, ta yaya waɗannan suka bugi wurin suka fito da tsabta? Ta uku: farantan Rasha biyu, su ma ka taɓa su?

Mai yiwuwa ragowar man ta ƙara wani abu kaɗan a wasu lambobi. Wannan mutanenka ne za su iya aunawa, kuma ba za su auna ba sai sun sani. Amma yaron aji biyar zai amsa tambayoyin nan, balle kai. Ka san amsarsu tun kana Jamus. Ina ganin ka fi son laifinka ya kasance a kan tauraruwa, don tana da nisa, ba za ta dawo ba sai bayan shekara saba'in da shida, kuma ba ta da mata da 'ya'ya. Nuri yana da su.

Yanzu nawa.

Shekarar 1969, kuna aji uku, sikelin awo ɗaya tilo na makarantarmu ya faɗi ya karye. Ka tuna. Jibirilu Mikaila ne mai sharar ɗakin gwaji a makon. Na yi masa bulala a gaban aji, na cire shi daga ajin kimiyya, ƙarshen zangon bai dawo makaranta ba. Kai ka zauna a layin gaba ka sunkuyar da kai.

Ina tsaye a taga lokacin da hannun rigarka ya ja sikelin. Na gani da idona.

Na ce a raina Arewa ba ta da masu kimiyya, ga ɗaya Allah ya ba ni, in hedimasta ya ji zai kore shi. Jibirilu kuwa ba ya wuce na ashirin a aji. Haka na auna ku, na zaɓa. Kai ka yi shiru, ni na ɗaga bulala, kuma ka ga shirun ya yi maka amfani. Kana shekara goma sha biyar. Da na karanta yadda ka tsaya riƙe da biro a ɗakin nan, na gane wanda ya koya maka ajiye shi.

Jibirilu yana Bawku yana fataucin albasa. Sau biyu ina hango shi a tashar Yendi, sau biyun ina ɗaga jarida in rufe fuska. Saboda haka ba ni da bakin yi maka wa'azi. Roƙo ne: ka rubuta wa shugabanku komai, da rana da wata. Ka nemi inda Nuri yake. Kada ka kai shekaruna kana ɓuya a bayan jarida.

Ko matata Damata ba ta san wannan ba. Kai ne na farko.

Allah ya yafe mana.

Imoro

*

Salaga, 9 ga Yuli, 1986

Baba Masta,

Assalamu alaikum, ina wuni, yaya damina? Mu nan ruwa ya sauka sosai, doya ta yi kyau.

Ban san abin da ka rubuto masa ba, amma ya yi magana. Ina tsakar gida ina kirɓa ƙwarar kaɗe ya zo ya tsuguna kamar lokacin yana yaro, ya gaya mini komai, da farantin, da mutumin nan Nuri. Na cire hannuna daga kwano ina kallonsa. Na ce, "Ashe ni na kori bawan Allah daga aikinsa." Ya ce, "A'a Yaya, ke mai kika aiko." Na ce, "To in man ba shi da laifi, me ya sa kake gudunsa kamar maciji? Shi ya hana ka buɗe baki?"

Na yi fushi, Baba Masta. Kwana biyu ban yi masa magana ba. Mutum ya ci abincin gidan mutane Sallah huɗu! Kuma ni ga shi na cika kasuwa da sunansa, har Azara mai gishiri tana ce mini yayar tauraro. Yanzu in ta faɗa sai in ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Duk da ya ce ba ruwana, in na rufe gwangwani sai matar mutumin nan ta faɗo mini a rai, tana naɗe kayanta.

Rana ta uku na kawo masa takarda da biro na zauna a bakin ƙofa. Na ce ba zan je kasuwa ba sai ya gama. Ya rubuta wa shugabansu shafi huɗu da Jamusanci. Ban yarda ya kai gidan waya ba, ni na kai, na tsaya har aka buga hatimi. Ya kuma rubuta wa limamin masallacin garejin, ko ya san garin su Nuri.

Mma mun ce mata aikin ne ya ƙare. Ta ce to ya yi aure.

Ya ce ba zai koma ba ko sun kira shi. An ba shi koyarwa a wata sakandare a Bawku, zai tafi watan Satumba. Na ce duk makarantun Tamale ba su ishe ka ba sai bakin iyaka? Ya ce akwai wanda yake son gani a can.

Ya fara cin tuwo. A gaida Mma Damata.

'Yarka, Atikatu

*

Bawku, 2 ga Maris, 1987

Masta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Mma Damata. Ka yafe mini dogon shiru. Na so in tara abin faɗa.

Amsar shugabanmu ta zo tun Oktoba. Ya ce sun koma kan lambobin duka, sun ware ƙwayoyin da suka fara bugun farantin, inda ragowar mai za ta fi nunawa, sun gwada da na Rasha. Bambancin bai kai a canza ko jimla ɗaya a rahoto ba. Tambayoyinka uku su ne nasa, har da jerinsu. Ya ce ya yi baƙin ciki, ya ce ba zai iya rubuta mini takardar shaida ba nan gaba, kuma sun cire sunana daga rahoton kamar yadda na roƙa. Wannan duka shafi ɗaya da rabi. A kan Nuri layi biyu ne: an gyara abin da ke cikin fayil ɗinsa, amma ba su da adireshinsa. Na karanta layin nan biyu ya fi sau ashirin. Na zaci in aka ce mini kabon na tauraruwa ne zan ji sauƙi. Na ji, na kwana ɗaya.

Limamin garejin ya fi su ƙoƙari. Ya bi ta wajen wani surukin Nuri ya samo sunan ƙauye a gabashin ƙasarsu. Ya ce ya ji Nuri ba shi da lafiya sosai tun komawarsa, kuma bai sake samun aikin hannu irin nasa ba. Na rubuta masa a Nuwamba, na sake a Janairu. Na sa adireshin Salaga don gidan wayar nan ba shi da tabbas. Shiru har yanzu.

Na ga Jibirilu. Yana da rumfa babba a kasuwar albasa, motoci biyu na yi masa lodi zuwa Kumasi, yaransa na sayowa har Pusiga. Ya yi ƙiba, yana da furfura a gemu. Ya gane ni kafin in yi sallama, ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ce, "Jibirilu, sikelin nan ni na karya."

Ya ce, "Na sani mana. Ina bayanka da tsintsiya."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya dube ni ya ce, "Na faɗa. A ofis, kafin a fito da ni gaban aji. Sau biyu na faɗa. Masta ya ƙara mini shida don na yi wa na ɗaya a aji ƙazafi."

Masta, wannan ba ya cikin wasiƙarka. Na yi ta tunanin ko in bar shi, na ga in na bari na sake ajiye biro.

Na roƙe shi gafara. Ya ci gaba da ware ruɓaɓɓun albasa daga buhu, sannan ya ce, "Likita na so in zama, ka sani? Ba lallai in iya ba. Amma da na so in faɗi da kaina." Ya ce ni yaro ne a lokacin, ya bar ni da Allah, ba ya riƙe da ni. Da na ambace ka sai ya ce, "Shi ba yaro ba ne. In yana da magana, motar Yendi tana zuwa Bawku." Ya cika mini leda da albasa, ya ƙi karɓar komai. Ɗansa na biyu yana ajina, ban sani ba sai ranar.

Ina koyar da aji huɗu da biyar. Sun ji labarin kumbo, suna ta tambaya. Makon jiya na zana musu na'urar a allo, da ƙofar da farantin da bututun. Na gaya musu abin da aka samu. Wannan ne karo na farko da na faɗe shi da baki, kuma na ga abin mamaki ne ƙwarai, Masta, ƙwayar da ido ba ya gani ta yi tafiyar nan duka ɗauke da irin abin da ke jikinmu. Ban sami damar jin daɗinsa ba a lokacinsa.

In ka yanke shawarar zuwa, ɗakina yana da gado biyu.

Ɗalibinka, Mutaru

*

Salaga, 11 ga Janairu, 1989

Ƙanena Mutaru,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Mma tana gaishe ka. Inusah ya ce Baba Masta ya je Bawku da sandarsa har ya kwana uku, kai kuma ba ka ce mini komai ba. Za ka ba ni labari.

Wasiƙa ta zo jiya. Kan sarkin akwai wata da tauraro, mai gidan waya ya ce Turkiyya ce. Ban buɗe ba. Na ɗaga ta a rana, takarda ɗaya ce da wani abu mai tauri kamar hoto.

Rubutun bayan ambulan ɗin ba irin na dattijo ba ne. Sunan gidan shi ne wanda kake rubutawa, amma sunan farkon ba Nuri ba ne. Na nuna wa Latifatu nas, ta ce ita dai a ganinta sunan mace ne.

Ban ba direba ba. Na bar wa Azara rumfa, zan kwana Tamale ranar Talata, in iso maka Laraba da la'asar in Allah ya yarda. Ka zo tasha. Ba na so ka buɗe ta kai kaɗai.

Yayarka, Atikatu